Ƙaddara ko sakaci: Tsohuwar muhawara kan zaɓin ɗan Adam da yadda ta shafi kasuwa da ofis

A ranar Litinin 22 ga Maris, 2021, gobara ta tashi a Babbar Kasuwar Katsina, ta lashe shaguna masu yawa da dukiyar da wasu suka shafe shekaru suna tarawa. Kamar yadda aka saba, masu jaje sun yi ta zuwa da kalmomin da kowane Bahaushe ya sani: ƙaddara ce, Allah Ya mayar da alheri, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka kuma, kamar yadda ake yi bayan kowace gobarar kasuwa a Arewa, da hayaƙi ya lafa sai wata magana ta biyu ta taso a majalisu: yaya aka ja wayoyin lantarki, wa ya bari aka kafa rumfuna a kan hanyar da motar kashe gobara za ta bi, ina ruwa yake a lokacin da ake nemansa?

Sau da yawa mutum ɗaya ne yake faɗin maganganun biyu, da safe ya ce ƙaddara, da yamma ya ce sakaci, ba tare da ya ji ya yi tufka da warwara ba. A ƙarƙashin wannan akwai tambayar da malaman tauhidi da masana falsafa suka kwashe fiye da shekara dubu suna kai-komo a kanta: idan duk abin da zai faru an riga an tsara shi, ko kuma wasu dalilai da suka gabata ne suka tilasta shi, to da wace hujja ake yaba wa mutum ko a zarge shi?

Abin da ake jayayya a kansa

Masu nazari sun kasa amsoshin zuwa gida uku. Gida na farko yana cewa duk abin da ya faru, har da shawarar da mutum ya yanke a zuciyarsa, sakamako ne na abin da ya gabace shi, kuma da za a maimaita yanayin daidai-wa-daida, sai ya sake yin abin da ya yi. A wurin waɗannan, jin da mutum yake yi cewa shi ya zaɓa ruɗi ne kawai. Gida na biyu yana cewa mutum yana da zaɓi na haƙiƙa, domin a lokacin da ya ɗauki hanyar dama yana da cikakken ikon ɗaukar ta hagu. Gida na uku yana ganin abubuwan biyu suna iya zama tare: a yarda cewa komai yana da dalili, amma mutum yana da ’yanci matuƙar ya yi aikinsa da hankalinsa da son ransa, ba wanda ya sa masa wuƙa a wuya.

Karin maganar Hausa ya riga ya raba kansa a tsakanin gidajen nan. Bahaushen da ya ce ƙaddara ta riga fata, rabon kwaɗo ba ya hawa sama, kuma zakaran da Allah Ya nufa da cara ana muzuru ana shaho sai ya yi, shi ne dai ya ce zomo ba ya kamuwa daga zaune, kuma abin da mutum ya shuka shi zai girba. Ya kuma lura da abin da masana na zamani suke kira tasirin gado da muhalli, inda ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Da ya ce hali zanen dutse, sai ya dawo ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wato dai halin ma ana iya gyara shi idan an kama da wuri.

Yadda muhawarar ta faro a tsakanin Musulmi

Tun ƙarni na farko bayan Hijira aka fara wannan jayayya a Basra da Dimashƙa. Mutane irin su Ma’abad al-Juhani da Gailan ad-Dimashƙi sun tafi a kan cewa bawa shi ne mai samar da aikinsa, aka kira su Ƙadariyya. Ya kamata mai karatu ya bambanta wannan suna da ɗariƙar Ƙadiriyya ta Shehu Abdulƙadir Jilani, domin babu abin da ya haɗa su sai kamannin lafazi. A ɗaya gefen kuma akwai Jaham bin Safwan, wanda aka kashe a shekarar 746, da ake jingina masa ra’ayin cewa mutum tilasta shi ake yi, ba shi da wani iko a kan aikinsa. Su ne Jabariyya.

Muhawarar tana da ƙanshin siyasa tun daga tushe. Idan an ce duk abin da mai mulki ya yi ƙaddara ce, talaka ba shi da bakin tambaya. Idan an ce shi ya zaɓa, to akwai ranar da za a tuhume shi. Masana tarihi da dama suna ganin wannan na cikin abin da ya sa masu mulkin Banu Umayya ba su ji daɗin Ƙadariyya ba, kuma a zamanin Halifa Hisham bin Abdulmalik aka kashe Gailan.

Daga baya Mu’utazilawa suka ɗauki ra’ayin zaɓi suka gina shi a kan adalcin Allah: ba zai yiwu Mai adalci Ya hukunta bawa a kan abin da ba shi da hannu a ciki ba. Abul Hasan al-Ash’ari, wanda ya rasu a Bagadaza wajen shekarar 936, ya tashi a cikinsu kafin ya bar su ya shimfiɗa matsayar da aka sani da kasbu. A taƙaice, Allah ne Mahaliccin aiki, bawa kuma shi ne mai tsiwurwurinsa, wato mai nufinsa da ɗaukarsa, kuma a kan wannan nufi ake yi masa hisabi. Misalin da malamai suka saba bayarwa shi ne bambancin hannun da yake karkarwa saboda ciwo da hannun da aka miƙa don karɓar kuɗi. Duka motsi ne, duka halittar Allah ne, amma kowa ya san na biyu ne kaɗai yake da mai shi. Abu Mansur al-Maturidi na Samarƙandi, wanda ya rasu a 944, ya bi hanya mai kama da wannan, sai dai ya ƙara ba zaɓin bawa nauyi.

Akwai labarin da ɗalibai suka fi riƙewa fiye da duk waɗannan sunaye. A lokacin annobar Amwas, wajen shekara ta 17 zuwa 18 bayan Hijira, Halifa Umar bin Khaɗɗabi yana kan hanyar Sham sai labarin cutar ya iske shi, ya yi shawara, ya yanke a koma Madina. Abu Ubaida bin Jarrah ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi. Umar ya nuna masa cewa komawar ma ƙaddarar Allah ce, ya buga masa misali da makiyayin da ya sauka a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya fako: duk inda ya kora raƙumansa da ƙaddara ya kora su, amma mai hankali ya san gefen da zai nufa.

Inda Katsina ta shigo

Wannan ilimi ya iso Katsina ta hanyar da fatauci ya bi. A ƙarshen ƙarni na 15 Shehu Muhammad bin Abdulkarim al-Magili, mutumin Tilimsana a ƙasar Aljeriya ta yau, ya zo Kano da Katsina, kuma tarihin baka yana danganta bunƙasar karatu a masallacin Gobarau da wannan zamani. A garin Tilimsana ɗin ne Shehu Muhammad bin Yusuf as-Sanusi, wanda ya rasu a 1490, ya rubuta ɗan littafinsa na tauhidi, Ummul Barahina, wanda ya zama abin karantarwa a zaurukan malamai daga Timbuktu har Barno. Ta wannan littafi da Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani matsayar Ahlus Sunna a kan ƙaddara ta zauna a ƙasar Hausa. A ƙarni na 17, zamanin Wali Ɗan Masani da Wali Ɗan Marina, Katsina ta riga ta zama garin da ɗalibai suke yi wa takakkiya.

Daga cikin malaman da ƙasar Katsina ta fitar akwai wanda aikinsa ya taɓa wannan tambaya ta wata fuska. Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Katsinawi masanin lissafi ne da taurari. Ya tafi aikin Hajji, ya rubuta littafi a 1732 a kan hatimai na lissafi, waɗanda lambobinsu suke ba da jimilla ɗaya ta kowane layi, ya kuma rubuta wani babba mai suna Ad-Durrul Manzum a kan ilimin taurari da ɗalasimai. Ya rasu a Alƙahira a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar, Abdurrahman al-Jabarti. Ilimin taurari, da ’yan uwansa irin su hisabi da bugun ƙasa, duk sun ginu ne a kan zaton cewa gobe a rubuce take a wani wuri da mai ilimi zai iya leƙawa. Malamai da yawa sun yi inkarin hakan, suna masu cewa yarda da cewa Allah Ya san gobe daban, da’awar cewa wani bawa zai karanto ta daban. Har yau wannan saɓani bai mutu ba, domin akwai ’yan kasuwa da ma’aikata da ba sa buɗe sabon shago ko neman ƙarin girma sai an duba musu.

Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya tarar da wata matsalar daban. A zamaninsa akwai masu ilimin tauhidi da suke kafirta talakawa don ba su iya kawo hujjojin hankali a kan aƙidarsu ba. Shehu ya yi rubuce-rubuce da dama yana yi musu raddi, yana kare imanin gama-garin mutane. Darasin da ke ciki shi ne zurfafa bincike a irin wannan mas’ala aikin masu ilimi ne, ba a mayar da shi sandan dukan wanda bai yi karatu ba.

Wuta da auduga

Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kawo misalin da ya dace da ’yan kasuwa a littafinsa na raddi ga masana falsafa. Ya ce idan wuta ta haɗu da auduga aka ga ƙuna, abin da ido ya gani shi ne abubuwa biyu sun faru tare, bai ga cewa wutar ce da kanta ta halicci ƙunar ba. Allah ne Yake halittar ƙuna a lokacin haɗuwar, bisa al’adar da Ya gudanar. Wani zai ɗauka wannan ya sauke wa mai sakaci nauyi. Malaman da suka karantar da wannan aƙida ba su fahimce ta haka ba, domin al’adar Allah tabbatacciya ce da kowane mai hankali ya sani, don haka wanda ya ajiye garwashi kusa da buhun auduga ya san abin da ya jawo.

Shaidar hakan tana cikin fiƙihun Malikiyya da alƙalan Katsina suka yi ƙarnoni suna hukunci da shi. Risala, wadda ta buɗe da wajabcin imani da ƙaddara mai daɗi da mai ɗaci, ita ce a babin ciniki ta ɗora wa masu sana’a lamunin kayan mutane da suka ɓace a hannunsu. Tela ko marini da aka ba shi yadi ya kai shagonsa, ya ce ya salwanta, sai ya biya, in dai ba a samu shaidar cewa kayan sun halaka ba tare da laifinsa ba. Wanda aka ba ajiya kuwa ba ya biya sai in ya yi ta’adi ko sakaci. Haka nan wanda ya sayi ’ya’yan itace tun suna bisa, sai fari ko fara ko wata annoba ta lalata sulusi ko fiye, ana rage masa kuɗi gwargwadon asarar. Duk waɗannan hukunce-hukunce suna tsaye ne a kan rarrabe abin da ya fi ƙarfin mutum da abin da yake cikin ikonsa. Kalmar ƙaddara ba ta taɓa zama hujjar kuɓuta a gaban alƙali ba.

Dokar zamani ma a kan wannan turba take. Kundin Penal Code na Jihar Arewa, wanda aka zartar a 1959 ya fara aiki a 1960, ya ɗauke laifi daga yaron da bai kai shekara 7 ba, da kuma wanda taɓin hankali ya hana shi sanin abin da yake aikatawa. Shari’ar Musulunci ta riga ta ɗauke alƙalami daga yaro da mahaukaci da mai barci, ta kuma yi rangwame ga wanda aka tilasta. Da a ce babu zaɓi ga kowa, da babu ma’anar ware waɗannan daga sauran jama’a.

Abin da masanan Turai suka ƙara

A Turai tambayar ta sauya riga bayan bunƙasar kimiyya. A 1814 masanin lissafi na Faransa, Pierre-Simon Laplace, ya ce da za a samu wani hankali da ya san matsayin kowane ƙwayar abu a duniya da ƙarfin da yake motsa shi, da zai iya lissafa duk abin da ya wuce da duk abin da zai zo. A nan dokokin halitta ne suka ɗauki matsayin mai tilastawa. Kafin shi, David Hume na Sikotland, wanda ya rasu a 1776, ya ce ’yanci ba ya nufin aiki marar dalili, yana nufin mutum ya yi abin da yake so ba tare da an ɗaure shi ba. A ƙarni na 20 kimiyyar ƙananan ƙwayoyin zarra ta girgiza lissafin Laplace, domin ta nuna akwai abubuwan da ba a iya faɗin yadda za su kasance sai dai a ƙiyasta. Sai dai wannan bai warware matsalar ba, tunda abin da ya faru bisa katari shi ma ba zaɓin kowa ba ne.

A 1983 wani masanin ƙwaƙwalwa a Amurka, Benjamin Libet, ya yi gwajin da ya tayar da ƙura. Ya sa mutane su motsa hannu a duk lokacin da suka ga dama, yana auna abin da ke gudana a ƙwaƙwalwarsu. Ya gano alamar shirin motsi tana bayyana kimanin rabin daƙiƙa kafin motsin, alhali mutum yana jin ya yi niyya ne kimanin kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa kafin ya motsa. Wasu suka ce ke nan ƙwaƙwalwa ta gama yanke hukunci kafin mai ita ya sani. Libet da kansa bai tafi nesa haka ba, ya ce mutum yana da ɗan lokacin da zai iya fasawa. A 2012 Aaron Schurger da abokan aikinsa suka kawo wata fassarar, cewa alamar tana iya zama kai-komon da ƙwaƙwalwa take yi a kullum, ba yanke hukunci ba. Wasu kuma suka yi nuni da cewa ɗaga yatsa a ɗakin gwaji bai yi kama da shawarar aure ko sayen fili ko sa hannu a takardar kwangila ba, abubuwan da ake kwana ana tashi da su.

Har yanzu ba a rufe babin ba. A 2023 Robert Sapolsky na Jami’ar Stanford ya fitar da littafi yana cewa babu zaɓi ko kaɗan, yayin da Daniel Dennett, wanda ya rasu a 2024, ya shafe rayuwarsa yana kare ra’ayin cewa dalili da zaɓi suna zama tare. A wani jin ra’ayi da aka yi a tsakanin masana falsafa na jami’o’i a 2020, kimanin kashi 59 cikin 100 sun karkata ga wannan ra’ayi na uku, wanda ta wasu fuskoki yake kusa da tsaka-tsakin da malaman zaure suka daɗe suna karantarwa, ko da yake tushensu ba ɗaya ba ne.

Amfanin sanin wannan

Tarihin cutar shan inna ya isa misali. Sunan kansa ya nuna yadda aka ɗauke ta a da, wato aikin wata iska ce da ba a iya yi wa komai. Bayan shekaru na rigakafi gida-gida, da ja-in-ja, da shigowar sarakuna da malamai cikin lamarin, a ranar 25 ga Agusta, 2020 aka ayyana Nijeriya da nahiyar Afirka a matsayin waɗanda suka rabu da ainihin ƙwayar cutar. Abin da kakanni suka sallama wa a matsayin ƙaddarar da ba makawa, jikoki sun same shi cikin abin da ake iya karewa, kuma mai imani zai ce kariyar ma ƙaddara ce, kamar yadda Umar ya nuna.

Haka lamarin yake a kasuwa. Imani da ƙaddara shi ne yake riƙe ɗan kasuwar da ya wayi gari ya tarar da jarinsa ya zama toka, ya hana shi zaucewa ko ya ɗora wa maƙwabcinsa hannu. Wannan amfani ne babba da bai kamata a raina ba. Wurin da ake kuskure shi ne a jawo maganar da aka tanada don bayan musiba a kawo ta gabanta, a mayar da ita dalilin ƙin kiran ƙwararren mai gyaran wuta, ko ƙin ajiye tukunyar kashe gobara, ko toshe hanya da kaya. Ga masu ƙyamar inshora saboda riba da garari, hukumar NAICOM ta fitar da ƙa’idojin takaful tun 2013, tsarin da aka gina a kan taimakekeniya.

A ofis ma haka ne. Ambaliyar da ta auka wa Jibiya a watan Yulin 2018, ta kashe fiye da mutum 40, ruwan sama ne da ba wanda ya saukar da shi sai Allah. Amma a duk inda aka yi ambaliya, tambayar wa ya ba da izinin gini a kan hanyar ruwa, da wa aka ba kuɗin yashe magudana, tambaya ce da ’yan Adam za su amsa. Ma’aikacin da fayil ɗin ɗan fansho ya kwana wata shida a teburinsa ba zai ce rabon tsohon ne bai tsaga ba. Shugaban da ya ce mulki na Allah ne ya faɗi gaskiya, kuma wannan gaskiyar ce ta sa za a tambaye shi yadda ya yi da shi.

Malaman zaure suna da wata ƙa’ida mai sauƙin riƙewa: ana kafa hujja da ƙaddara a kan musiba, ba a kafa ta a kan laifi. Wanda gobara ta ci shagonsa a yi masa jaje da ita. Wanda ya ja wayar da ta haddasa gobarar kuwa a tambaye shi, kuma sauran ’yan layi su tuna cewa in gemun ɗan’uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.